Ragon da ya bi ni ba igiya

Tunkiyarmu ta mutu a tsakiyar damina, washegarin ranar da ta haihu. Ina ƙaramar sakandare a lokacin. Na dawo daga makaranta da jar laka har idon sawu, na tarar da Mama da Kaka, mahaifiyar Baba, tsaye a ƙofar ɗakin tumaki. An riga an fitar da uwar. Ɗan yana kwance a kan buhun taki da aka shimfiɗa masa. Fari ne fat, in ban da kunnen hagu da yake baƙi kamar an tsoma shi cikin tawada. Cibiyarsa ba ta gama bushewa ba. Yana buɗe baki yana rufewa, amma kukan ba ya fita sosai.

Kaka ta ce sa'arsa ɗaya, ya samu ya tsotsi dakashi, nonon farko mai kauri, kafin uwar ta faɗi. Duk da haka ba ta sa masa rai ba. Ta ga irinsa da yawa a ƙauyenmu can gindin duwatsun Kagoro, kafin mu dawo nan bakin garin Kafanchan, kuma yawancinsu ba sa yin nisa.

Baba ya dawo daga gonar citta da yamma. Ya ɗaga ɗan da hannu ɗaya, ya juya shi, ya sa masa yatsa a baki ya ji ko yana tsotsa. Ni ina tsugune a gefe, ina jin ya lura ko kayan makaranta ban cire ba.

"Auta, in kin iya rayar da shi, naki ne," ya ce.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ina zama kusa da taga, akwai malaman da har zangon karatu ya ƙare ba su san muryata ba. A gida ma sai a manta ina nan. Amma ranar na buɗe baki na tambaye shi ko nawa ne har ya tsufa. Na tambaya ne domin na san inda tumaki da awakin gidanmu suke ƙarewa.

"Har ya tsufa," in ji Baba, yana dariya. "Iri za mu bar shi. Kin ga ba mu da rago a gidan nan, kullum sai mun ara."

Mama ta nemo kwalbar lemo, ta sayo bakin fida na jarirai a kemis, muka ƙara huda shi da allura mai zafi. Madara kuwa wata Bafulatana ce take kawo mana da safe, ta shanu, ɗanya. Ranar farko na ba shi da sanyinta, ya yi zawo har na ɗauka shi ke nan. Daga nan na koyi ɗumama ta cikin ruwan zafi, in ɗiga a bayan hannuna in ji. Na gane in ya sha da yawa lokaci guda cikinsa yakan kumbura ya yi tauri kamar ganga, gara kaɗan-kaɗan. Ba ya son a kwantar da shi kamar jariri. So yake ya tsaya da ƙafafunsa ya miƙa wuya, kwalbar ta zo masa ta inda hantsar uwarsa za ta kasance. In madarar ta fara tafiya sai jelarsa ta kama rawa. In ta rage gudu sai ya tunkuri kwalbar da hanci, yadda 'ya'yan tumaki suke yi wa iyayensu, alhali shi ba wanda ya nuna masa.

Nakan ba shi kafin in tafi makaranta, Kaka ta ba shi da rana tana mita, in dawo in karɓa. Ban sa masa suna ba, don kunya nake ji a ji ni ina kiran dabba da suna a tsakar gida. Sai dai in ƙwanƙwasa kwalbar da farce, a hankali. Ba a daɗe ba ya gane. Ko yana bayan rumbu, da ya ji sai ya taho a guje, ƙafafunsa na baya suna neman wuce na gaba.

Ya rayu. Kafin a gama girbin masara ya fara tsinkar ciyawa, na koya masa cin dusa daga tafin hannuna, sannan ganyen gyaɗa, da ɗan kanwa. An yaye shi daga madara, amma kwalbar ba ta daina aiki ba, ko babu komai a ciki yana jin ƙararta zai zo. Ba ya shiga cikin sauran tumakin. In an kora su kiwo sai ya tsaya a ƙofar gida yana kallonsu kamar baƙi. Kaka, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, takan ce, "Yarinyan nan ya mai da rago mutum." In na zauna a baranda ina aikin gida sai ya zo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Akwai wani wuri a gindin ƙahonsa, da suka fara ɓullowa, da in na sosa sai ya lumshe ido. Shi nake gaya wa abin da ya faru a makaranta, wadda ta yi mini dariya, da amsar da na sani amma na kasa ɗaga hannu.

A gidanmu ba Baba ne yake yanka dabbar biki ba. Mu masu zuwa coci ne, amma rabin maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma Baba ba ya son a kai wa maƙwabci abincin da ba zai iya ci ba. Saboda haka duk Kirsimeti Alhaji ne yake zuwa ya yanka mana. Alhaji mahauci ne, tun kakanninsa a kasuwar Kafanchan suke fawa, kuma shi da Baba tun suna samari suke tare. Yana kiran Baba sarkin citta, Baba yana kiransa sarkin wuƙa. Da Babbar Salla kuma shi yake aiko mana da cinya.

Kirsimetin wannan shekarar bunsuru aka saya. Da safe, ana fito da shi, ya fizge igiya ya arce. 'Ya'yan baffanninmu da suka zo hutu suka bi shi da sanduna da ihu, ya zagaye rumbu, ya tsallake shinge ya faɗa gonar rogon maƙwabta, ya dawo ta bayan ɗakin girki. Da suka kama shi a ƙafar baya suka jawo shi, harshensa a waje, haƙarƙarinsa yana sama yana ƙasa. Alhaji ya ce a ɗaure shi a inuwa, a ba shi ruwa, a bari sai gobe. Baba ya ce ina, lokacin coci ya kusa, ga baƙi na hanya. Alhaji ya girgiza kai ya yanka.

Da ya feɗe, ya kira Baba ya nuna masa naman. Ya yi duhu, ga tabon jini a cinya da awaza inda sanda ta sauka. Ya ce dabbar da ta mutu a firgice, a gajiye, haka namanta yake, ba ya laushi kuma ba ya daɗewa. Hakan kuwa aka yi. Mama ta ƙarar da itace tana dafa shi. Kaka ta ce haƙoranta kaɗan suka rage, shi kuma bunsurun nan ya rantse sai ya tafi da su. Kowa ya yi dariya ban da Baba, don fasto yana cikin waɗanda aka zuba wa, kuma an ga yadda ya sa hannu biyu yana ja.

Duk wannan guje-gujen da aka yi da safe, ragona yana tsaye a jikina, ya jingina kai da gwiwata, ko kunne bai kaɗa ba. Alhaji yana wanke wuƙa ya hango mu.

"Kai, ashe ga uwar rago nan," ya ce. "'Yata, matso da ɗan naki in gani."

Na matsa. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ɗora a gadon bayan ragon, ya bi a hankali yana dannawa da yatsu har zuwa gindin jela. Ragon bai motsa ba, ya saba da hannu. Alhaji ya dubi Baba ya ce, "Sarkin citta, ka ga bambanci?" Baba ya tsaya yana kallo, ya daɗe.

Ni daɗi na ji. Ban taɓa yin wani abu da manya biyu suka tsaya suna kallo haka ba.

Tun daga ranar Baba ya canza wa ragon. Ya sayo harawa, ya ƙara masa dusa, ya gyara masa ɗan ɗaki nasa daban ya zuba busasshiyar ciyawa. Ya hana yara hawansa ko kama masa ƙaho. Wata rana wani yaron maƙwabta ya jefe shi da ƙwallon mangwaro, Baba ya bi yaron har gidansu. Ya ce da ni kada in bari kowa ya ja shi da igiya, kada in bar shi ya ji ƙishirwa, kuma in ci gaba da shafa shi yadda na saba, har ya tambaye ni ta ina ya fi so a sosa masa. Na nuna masa gindin ƙahon. Shi da ba ya zama da ni, ya koma in ya dawo daga gona sai ya zauna a baranda, ni a nan, ragon a tsakaninmu. Alhaji ma in ya biyo ta unguwarmu da mashin yakan tsaya, ya ce ina uwar rago, ya ɗora hannu a bayansa ya bi har gindin jela, ya ce madalla. Na ɗauka shafa shi yake yi, irin tasa ta maza.

Da bazara aka sa ranar bikin Yaya, babban wana, da wata yarinya 'yar Manchok. Danginta mutane ne da aka sani da iya karɓar baƙi. Lokacin da namu suka je neman aure an cika su da abinci har suka dawo suna ba da labari, kuma Baba ya sa wannan a ransa. Ina jin shi yana gaya wa Mama cewa abin da ya faru da Kirsimeti ba zai sake faruwa a gaban surukai ba.

Da na ji haka, ragona ne ya faɗo mini a rai. Na samu Mama tana tsince acca, na tambaye ta me za a yanka. Ba ta ɗago ba, ta ce in tambayi babana. Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na iya. Na same shi yana wasa fartanya. Ya ce awaki za a saya, da kaji. Na tsaya ban tafi ba.

"Haba Auta," ya ce. "Sau nawa zan gaya miki? Iri ne."

Aka kuwa sayo awakin, na gan su da idona ɗaure a bayan gida. Hankalina ya kwanta.

Ranar jajibirin bikin da sassafe Baba ya kira ni. Ya ce gidan zai cika da mutane, ga kiɗa, ga janareto, ga yaran da ba su san ragon ba, za su dame shi, ko ma wani ya yi gaba da shi cikin hayaniya. Gara a kai shi gidan Alhaji ya zauna har a watse. Na ga hikimar maganar, har na ji haushin kaina da ban riga shi tunawa ba. Ya ɗauko igiya, ya dube ta, ya mayar ya rataye.

"Ke ai ba ya buƙatar igiya. Ɗauko kwalbar."

Muka fita rana ba ta yi zafi ba. Ni a gaba da kwalba a hannu, ragon a gefena, Baba can baya, ya ce in ya matso zai raba masa hankali. Ragon bai taɓa yin nisa da gida haka ba. Da muka zo layin dogo ya tsaya yana sunsunar ƙarfen, ya ƙi takawa. Na tsallaka, na juyo na ƙwanƙwasa kwalbar, sai ya ɗaga ƙafa ya biyo ni. In mashin ya wuce sai ya manne da cinyata har ina jin ɗuminsa ta cikin zane. Masu suyar ƙosai a bakin hanya suna nuna mu suna dariya, wata ta ce wannan ai ba rago ba ne, ƙanenta ne. Yawanci in an nuna ni ina neman inda zan ɓoye, amma ranar na ɗaga kaina.

A gidan Alhaji an share gindin bishiyar mangwaro tas, an ajiye baho cike da ruwa. Na duba ban ga dusa ba, ban ga harawa ba. Na gaya wa Baba cewa lokacin cinsa ya yi. Ya ce Alhaji zai ba shi an jima, ni dai in zauna da shi har ya saba da wurin. Su biyu suka shige zaure. Na zauna a kan saiwar mangwaron, ragon ya zagaya ya sunsuna bangon, ya sha ruwa, ya dawo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a ƙafata. Na sosa masa gindin ƙaho har ya fara tuƙa. Na gaya masa jibi zan zo in ɗauke shi, kuma zan ɓoye masa ganyen kabejin da za a yi ado da shi a shinkafa.

Da za mu tafi Baba ya ce in bar masa ɗankwalina, in ya ji ƙanshina ba zai yi ta kuka ba. Na cire na shimfiɗa a inda yake kwance. A hanyar dawowa na riƙa satar kallon Baba, ina tunanin ashe ya san irin wannan, ashe haka zuciyarsa take.

Ranar biki, bayan an tashi daga coci, aka dawo gida. An kafa rumfuna har bakin hanya, 'yan zumuntar mata suna ta waƙa, mutanen Manchok sun cika motoci. Aikina wanke kwanuka ne. Na lura duk lokacin da na nufi bayan gida inda manyan tukwane suke, Mama sai ta tare ni ta aike ni wani wuri. Da ta zuba mini abinci, da kanta ta zuba, shinkafa da cinyar kaza, ta tsaya har na karɓa. Kaka kuma tana zaune jikin bango da tuwon acca, ta ture naman gefe. Na ɗauka haƙoranta ne.

Ina kwasar kwanuka a rumfar maza na ji kawun amarya, wani dattijo mai babbar murya, yana cewa bai taɓa cin nama irin wannan ba. Wai ko tsohuwarsu da ba ta da haƙori ko ɗaya ta cinye nata ta nemi ƙari. Ya tambayi Baba a wace kasuwa ya samo shi. Baba ya yi murmushi ya nuna Alhaji, wanda yake zaune da sauran maƙwabtanmu a gefe, ya ce aikin sarkin wuƙa ne.

"Ba aikina ba ne," in ji Alhaji. "Ni wuƙa kawai na sa. Ina uwar rago? Ga ta can. 'Yata, zo."

Duk rumfar ta juyo. Na je da kwanuka a hannu, na durƙusa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗankwalina, a ninke, an ma wanke shi. Ya miƙo mini.

"A kansa ya kwanta har lokaci ya yi," ya ce. "Na sosa masa inda babanki ya nuna mini, ko motsi bai yi ba. Tunda nake fawa ban taɓa yanka dabba mai natsuwa irin wannan ba. Jama'a, wannan yarinyar za ku gode wa."

Aka fara tafi. Kawun amarya ya ce Allah ya yi mata albarka. Ni ina kallon ɗankwalin, akwai farin gashi guda da wankin bai fitar ba, ya maƙale a bakin ɗinki. Ban yi kuka ba a lokacin, ban kuma ajiye kwanukan ba. Ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma Alhaji ya daina murmushi. Ya dubi Baba ya rage murya.

"Ba ka gaya mata ba?"

"Alhaji, in na gaya mata kuka za ta yi," in ji Baba. "In ta yi kuka a hanya zai ji a jikinta. Kai ka ce kada a tayar masa da hankali."

"Na ce kada a tayar wa rago hankali. Ban ce ka yi wa yarinya haka ba."

Makaɗa suka saki kiɗa don amarya ta fito, mutane suka miƙe, maganar ta nutse. Na tashi na kai kwanukan inda ake wankewa, na wanke su, na kife.

Bayan biki na daina yi wa Baba magana, in ban da gaisuwa. Ba wanda ya lura, domin dama ba a saba jin muryata ba. Shi kaɗai ya sani. Ya sayo mini takalmin makaranta sabo, na ce na gode. Wata rana ya ce da ni a yarenmu cewa dabba dabba ce, kuma ɗan'uwana sau ɗaya zai yi aure. Na ce to.

Na san dabba dabba ce. Tun ina ƙarama nake ganin yanka, ina kuma cin nama, har yau ina ci. Da ya zaunar da ni ya ce Auta, na yi alkawari amma ga halin da nake ciki, da na yi kuka, wataƙila in yi fushi har damina, amma da na san abin da nake yi a hanyar nan. Abin da ya tsaya mini shi ne duk inda na juya a cikin watannin nan sai in ga abin ya sauya kama. Zaman da yake yi da ni a baranda. Yaron da ya bi har gida saboda ƙwallon mangwaro, ashe tabon jini yake gudu a cinya. Tambayar da ya yi mini ta inda ragon ya fi so a sosa masa. Bahon ruwa ba dusa, wanda daga baya na ji haka mahauta suke yi wa dabbar da za a yanka washegari. Da kuma ni a gaba da kwalba, ina ɗaga kai ana nuna mu. Har yau ban sani ba ko ranar farko da gaske yake, ko tun a ranar ya san inda za a ƙare. Na fi zaton da gaske yake, sai bunsurun Kirsimeti ya canza masa ra'ayi. Wannan bai rage mini komai ba.

Na tambayi Kaka ko ta sani. Ta ce duk gidan an sani, har Yaya. Ta ce ta yi wa Baba magana ya ce kada ta sa baki. "Shi ya sa ban ci ba," ta ce. Ban gaya mata cewa rashin cinta bai amfane ni da komai ba. Mama kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba, sai dai ta ɗauke kwalbar daga kan taga ta ɓoye.

Da damina ta sake zagayowa, na dawo daga makaranta na tarar da kwali a baranda, an shimfiɗa buhu a ciki. Ɗan tunkiya ne, ja-ja, surukan Yaya suka aiko da shi daga Manchok. Tagwaye aka haifa, uwar ta karɓi ɗaya ta ƙi wannan, suka ce ai akwai mai hannu a gidanmu. Kwalbar ta fito daga inda aka ɓoye ta, an wanke ta, an sa mata sabon baki, tana tsaye a kan taga. Na wuce ɗaki na rufe ƙofa.

Ina jin Mama tana fama da shi. Ta rungume shi a cinya kamar jariri, madarar tana bin gefen bakinsa, yana tari. Tun daga ɗaki na san ba ta ɗumama ta yadda ya kamata ba. Kukansa yana ƙara siriri. Na toshe kunne da matashin kai, na buɗe littafi, na rufe. Da Baba ya dawo daga gona na fito na same shi tsaye a kan kwalin.

"Baba, wannan na wane biki ne?"

Ya buɗe baki, na ga zai fara cewa Auta, irin yadda yake farawa. Sai ya fasa. Ya dubi Mama, ya dubi kwalin.

"Na Kirsimetin baɗi ne," ya ce.

"To. Zan raine shi. In ranar ta zo ni zan kai shi gidan Alhaji da ƙafata, kada kowa ya sa masa igiya. Amma zan yi kukana a hanya. In naman ya yi tauri, ku tauna."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba. Mama ta kama baki. Kaka daga cikin ɗakinta ta yi wata 'yar dariya ta mai da ita tari. Baba ya ɗauki fartanyarsa ya kai rumbu.

Na ɗora ruwa a wuta, na ɗumama madarar, na ɗiga a bayan hannuna. Na tsayar da shi da ƙafafunsa, na kawo masa kwalbar ta sama. Ya yi ta lalube kafin ya kama, can jelarsa ta fara rawa.

Yana nan yanzu, ƙahonsa sun fara ɓullowa, yana jirana a ƙofar gida in na dawo. Shi ma ya gane ƙarar kwalba. Ba na gaya masa labarin makaranta. Wani lokaci Baba yakan zo da yamma ya zauna a baranda kusa da mu, ya tambaye ni yaya karatu. Nakan ce lafiya, in kuma duba inda ya ɗora hannunsa a jikin ragon.